Wilin Aloy na Waje: Sabon China, Tokunbo, Mai Suna, ko Ka Yi Oda da Kanka?

Wanda duk ya shiga Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja da niyyar canja wa motarsa wilin aloy, wato na alminiyam, zai tarar da su jere a ƙofar shaguna suna ɗaukar ido, wasu a kwali da ledarsu, wasu an jingina da bango duk ƙura. Ka tambayi kuɗin saiti biyu masu girma ɗaya, zanensu ma kusan ɗaya, a faɗa maka farashin da ɗaya ya ninka ɗaya, kuma kowane mai shago zai rantse maka nasa ne orijina. Kusan duk kayan nan daga waje suke zuwa: China, Japan, Amurka, Turai, wasu kuma ta Dubai da Sharja suke biyowa. Hanyoyin mallakarsu huɗu ne, amma kafin a zo kansu sai an san da me za a auna su.

Ma'auni na farko: zai zauna a motarka?

"Alhaji, ai zai shiga" ita ce maganar da ta fi jawo wa mutane asara a wannan harka. Wili yakan shiga, a ɗaure noti, mota ta tashi, amma bai zauna daidai ba. Lambobi huɗu ne ke raba gardama, kuma yawancinsu an buga su a bayan wilin.

Na farko yawan ramukan noti da faɗin da'irarsu, wanda ake rubutawa PCD. Camry, Highlander, Sienna, Lexus RX da Accord daga 2003 duk 5x114.3 ne, wato ramuka biyar a kan da'ira mai faɗin milimita 114.3. Corolla 'yar Amurka daga 2003 zuwa 2019 kuwa 5x100 ce, don haka wilin Camry ba zai hau ta ba duk da kamfaninsu ɗaya. Peugeot 406 tana da 4x108, Golf 3 ta gama-gari 4x100, Marsandi 5x112, Prado da yawancin Hilux 6x139.7. Inda haɗarin yake shi ne tsakanin 5x112 da 5x114.3: bambancin bai kai milimita uku ba, da ido ba a ganinsa, kuma da ɗan dole sai notin ya ɗauru. Sai dai kowane kusa zai zauna a karkace yana ɗaukar nauyin da ba a yi shi dominsa ba, har ranar da zai karye. Idan mai shago ya ce a kai wa mai injin huda ya ɗan buɗa ramukan, ka yi masa sallama.

Na biyu ramin tsakiya. Na Camry milimita 60.1 ne, na Corolla 54.1, na Accord 64.1, na Marsandi 66.6. Wilin Honda zai hau Camry da ɗan giɓi, amma na Camry ba zai hau Honda ba sam, domin ramin ya yi ƙanƙanta. Wilin da ba na kamfanin mota ba yawanci da babban rami ake yin sa, kamar 73.1, don ya shiga motoci da yawa, sai a cike giɓin da wani zobe na roba mai tauri ko na alminiyam. Zoben nan ba shi da tsada, amma rashinsa kan sa sitiyari ya riƙa rawa da zarar ka ɗauki gudu a babban titi, ka yi ta zarya wurin masu balansin a banza.

Na uku lambar da ke bin haruffan ET, wato yadda wilin ya shige ciki ko ya turo waje. Ƙananan motocin Toyota da Honda galibi tsakanin 40 da 55 suke. Ka sa mai ET20, taya za ta leƙo waje, ta riƙa gogar madigadi duk sanda ka ɗauki mutum uku a baya, boris kuma ya riƙa mutuwa da wuri. Na huɗu kuwa noti: wilin Toyota na asali yana amfani da noti mai shimfiɗaɗɗen gindi da washa, na Honda mai zagayayyen gindi, yawancin na kasuwa kuma mai tsinin gindi. Ka canja wili ka bar tsohon noti, yana iya kwancewa a hanya.

Ma'auni na biyu: inci nawa?

A nan son zuciya ke shigowa. Duk incin da aka ƙara wa wili, daga kaurin taya ake cire shi, domin tsayin ƙafar gaba ɗaya bai kamata ya canja da fiye da kashi 3 cikin 100 ba, in ba haka ba agogon gudu zai fara yi maka ƙarya. Ɗauki Corolla. Tayar 195/65R15 tana da kaurin gefe kusan milimita 127. Ka koma 205/55R16, ya dawo 113. Ka hau 215/45R17, saura 97. A 225/40R18, milimita 90 kacal ke tsakanin bakin rami da alminiyam ɗinka. Wanda ke yawo tsakanin Maitama da Asokoro ba zai ji komai ba. Wanda ke bin hanyar ƙauye ranar kasuwa, ko unguwar da damina ta cinye kwaltarta, zai san wurin mai gyaran wili kafin wata uku. A ganina, a irin hanyoyinmu, inci ɗaya sama da na kamfani ya isa kwalliya.

Ma'auni na uku: yaya aka ƙera shi?

Mafi yawan wilin aloy narka alminiyam ake yi a zuba a mazubi. Shi ne mafi araha, kuma ingancinsa ya danganta da kamfanin: wani yana tura narkakken ƙarfen da matsin iska, ya gasa shi, ya gwada, wani zubawa kawai yake yi ya fesa fenti, a bar ƙananan kumfa a cikin ƙarfen. Akwai na tsakiya, wanda bayan zubi ake murza gangar jikinsa da zafi har ta miƙe ta yi siriri da ƙarfi, ya fi sauƙin nauyi. Sai na ƙoli, wanda ake matse dunƙulen alminiyam da injin dubban tan sannan a sassaƙa. Bambancin da ya shafe ka: na matsi idan ya daki rami yakan lanƙwasa, na zubi mara kyau yakan tsage, iska ta fita nan take.

Ka duba tambarin JWL da VIA, alamun gwaji na Japan, ko lambar KBA a kan na Jamus, da nauyin da wilin zai iya ɗauka, wanda ake bugawa da kilo. Amma kada ka dogara da tambari kaɗai, domin masu kwaikwayo ma sun iya buga shi.

Ma'auni na huɗu da na biyar: kuɗin gaske, da ranar da ɗaya zai lalace

Farashin da aka faɗa maka a shago rabin labari ne. Idan ka canja inci, taya huɗu sababbi sun hau kanka, kuma sau da yawa kuɗinsu ya kai ko ya wuce na wilin. Ga noti, ga zobe, ga bawul, ga ɗauri da balansin da alaimen. Yawancin motocin Amurka daga 2008 suna da na'urar auna iska a jikin bawul. In ba a mayar da ita sabon wilin ba, fitila za ta zauna a dashbod. Sannan ka tambayi kanka: idan guda ɗaya ya fashe bayan shekara, zan sami ɗan'uwansa? Mutane kaɗan ne ke wannan tambayar, alhali ita ce ke mayar da saiti mai araha ya zama mai tsada.

Zaɓi na ɗaya: sabon China a shago

Su ne suka cika kasuwa, su ne kuma suka fi kyau a ido. Zanen Marsandi AMG, na BMW, na kamfanin wili na Vossen, duk akwai kwaikwayonsa a kowane inci, wasu ma da ramuka takwas ko goma don su hau motoci iri biyu. Sauƙinsa babu kamarsa: ka zo da mota, a gwada, ka biya, ka tafi da yamma.

Kada a yi wa China kuɗin goro. Manyan kamfanonin mota na duniya ma a can ake ƙera musu wili, kamfani irin CITIC Dicastal yana cikin mafiya girma a wannan sana'a. Matsalar ita ce wanda ya cika kwantena don kasuwarmu yakan nemi mafi araha, kai kuma a shago ba ka da hanyar sanin daga wace masana'anta aka ɗauko. Abin da za ka iya yi shi ne ka juya bayansa. Mai kyau za ka ga girma, ET, nauyin ɗauka da watan ƙira an zuba su cikin ƙarfen tsaf. Wanda sitika kawai aka manna masa, ko bayansa ya yi gautsi da ƙananan huji, ka ajiye. A wurin balansin ma yana tona kansa: sabon wili da ke shan darma jere guda a gefe ɗaya, ba a daidai aka zuba shi ba.

Fuska mai sheƙin madubi da mai kurom su ne ke saurin tsufa. Rana da ƙurar hunturu da sabulun masu wankin mota sukan ɓare fatar saman, ruwa ya shiga ƙarƙashi, ya yi fari-fari. Mai fenti zalla, azurfa ko baƙi, ya fi jurewa kuma ya fi sauƙin sake fesawa. Batun ɗan'uwa kuwa, zane yana zuwa ne da kwantena, in ta ƙare ya ƙare. Wanda ya zaɓi wannan hanya, ya sayi biyar.

Zaɓi na biyu: tokunbo na asali

Wato wanda aka ciro daga motocin Amurka, Turai ko Japan, da muke ce wa na Beljiyam. Ladipo a Legas ce babbar matattararsa, daga can yake hawowa Arewa. Iri biyu ne a ciki: wilin kamfanin mota, da wilin kamfanoni masu suna da wani ya sa wa motarsa a can, irin su Enkei, Work, Weds ko OZ, waɗanda wani lokaci mai shagon ma bai san darajarsu ba.

Na kamfanin mota ya ci gwajin da aka yi wa motar kanta, ramin tsakiyarsa da ET da notinsa duk naka ne, babu zobe babu dabara. Gane shi ba wuya: lambar kayan Toyota a wili tana farawa da 42611, ta Honda da 42700, ta Marsandi da harafin A. Kuma idan ɗaya ya lalace, wilin Camry ko Corolla ba ya yankewa a kasuwa. Kuɗinsa yakan yi kusa da na sabon China, wani lokaci ya ɗara, musamman na Lexus da Marsandi masu tashe.

Haɗarinsa a tarihinsa yake. Da yawa daga motocin da suka yi hatsari aka ciro su, wasu kuma a nan gida aka yi amfani da su, aka gyara, aka fesa, aka mayar da su "Beljiyam". Don haka sabon fenti a kan tsohon wili abin tuhuma ne, gara wanda ya zo da ƙurjewarsa a fili. Ka kifa shi, ka bi leɓen ciki da yatsa, domin can ne yake lanƙwasawa, inda babu ƙafafun da ke tallafe shi. Wurin da ka ji tudu ko ka ga an goge da injin gurza, walda ce. Tsagar da ke kan leɓe ƙwararren mai waldar alminiyam yana iya ɗinke ta a lallaɓa, amma wadda ke jikin ƙafa ko kusa da ramin noti ba ta da magani. Ka duba ramukan noti kada su zama sun yi ƙwai. Ka duba inda taya ke zama: gishirin da ake zuba wa titi lokacin ƙanƙara a Kanada da arewacin Amurka yana cin wurin, sai taya ta riƙa sace iska kullum ka rasa dalili.

Gwajin da ya fi duka shi ne a ɗora shi tsirara, babu taya, a kan injin balansin a juya, ka tsuguna ka kalli leɓen. In yana hawa yana sauka ko yana lilo gefe da gefe, ka gani da idonka. Mai shagon da ya yarda da kayansa zai ce, "Maigida, ɗauka ku je da yarona a gwada." Wanda ya fara kawo uzuri ya riga ya ba ka amsa. Ka kuma tabbata huɗun lambarsu ɗaya, domin ana haɗa saiti daga motoci biyu masu zane ɗaya amma faɗi ko ET daban. Tayar da ta zo a jikinsa kada ta ruɗe ka a ciniki: lambobi huɗun ƙarshe na lambar DOT da ke gefen taya suna nuna mako da shekarar ƙira, 2316 na nufin mako na 23 a 2016, kuma taya mai wannan shekaru ba kyauta ba ce.

Zaɓi na uku: sabo na kamfani mai suna

Enkei, Rays, BBS, OZ, ko Lenso na Tailan mai ɗan sauƙi. Inganci ba a magana, nauyi kaɗan, kuma lambar samfur tana nan ko bayan shekaru. Amma da dala ake lissafinsa. Guda ɗaya na matsakaicin aji yakan ci ɗaruruwan daloli, saitin na matsi irin TE37 na Rays kuwa dubbai ne, kuma tun da aka saki Naira a Yunin 2023 wannan lissafi ya ƙara nisa da aljihun yawancin mutane. Masu ajiye na gaske a ƙasar nan kaɗan ne, jabunsa kuma ya fi shi yawa nesa ba kusa ba. Idan aka ce maka ga BBS sabo a kwali a kuɗin wilin China, to wilin China ne.

Zaɓi na huɗu: oda da kanka

Shafukan intanet na Alibaba da 1688 daga China, eBay daga Amurka, gwanjon Yahoo da shagunan Up Garage daga Japan ta hannun masu saya wa mutum. Farashin da ke kan allo yana sa mutum ya ga kamar 'yan kasuwa cutarsa suke yi, sai ya zauna da biro.

A ce an ba ka wili mai inci 17 a kan dala 60, huɗu dala 240 ke nan. Kowanne da kwalinsa yana kai kilo 11 ko 12, saiti ya doshi kilo 45. A ce mai kago na jirgin sama yana karɓar dala 8 a kilo, dako kaɗai ya zama dala 360, ya fi kuɗin kayan. Ta ruwa ya fi sauƙi ƙwarai, domin kwali huɗu ba su kai rubu'in kubik mita ɗaya a cikin kwantena ba, amma ka shirya jiran wata biyu ko fiye. A kan wannan ka ɗora harajin kwastan, da VAT na kashi 7.5, da ladan ejan, da motar da za ta kawo shi daga Legas, da ribar mai canji. Yawancin masu haɗa kaya a Guangzhou suna ba da farashi ɗaya har da fito, ka nemi a rubuta maka abin da ya ƙunsa kafin ka tura kuɗi. Idan tsohon wili za ka sayo daga Japan ko Amurka, ka sa a cire tayoyin a can: tsohuwar taya tana cikin kayan da aka haramta shigo da su Najeriya, ga ƙarin nauyi a banza.

Babban haɗarin shi ne babu mayarwa. Ka yi kuskuren lamba ɗaya, ko ƙafar wilin ta taɓa birki, ko ɗaya ya iso a lanƙwashe, kuɗin mayar da shi ya fi kuɗinsa. Inda wannan hanya ke da riba shi ne motar da wilinta ke wuya a kasuwa, ko idan ku uku ko huɗu ne kuka haɗa oda. Akwai kuma masana'antun China da ke sassaƙa wilin matsi bisa awon motarka, saiti ɗaya ma suna yi, a kuɗin da bai kai na masu suna ba. A nan sai ka nemi hoton bayan wilin da takardar gwaji kafin a ɗora shi a jirgi.

| Zaɓi | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙin samu | Babban haɗari | Samun ɗan'uwa |
|---|---|---|---|---|---|
| Sabon China | ƙasa zuwa tsakiya | sai an dace | nan take | tsagewa, ɓarewar fenti | da wuya |
| Tokunbo na asali | tsakiya | mai kyau in lafiyayye ne | sai an zaga | ɓoyayyiyar walda, lanƙwasa | da sauƙi |
| Sabo mai suna | sama ƙwarai | mafi kyau | ƙaranci | jabu | sai an yi oda |
| Oda da kanka | ya danganta da dako da canji | gwargwadon abin da ka zaɓa | makonni zuwa watanni | kuskuren awo, babu mayarwa | sabuwar oda |

Wane ne ya dace da wanne?

Mai Corolla, Camry ko Accord da yake zuwa aiki da ita, yake kai iyali gida da Sallah, tokunbo na kamfanin motarsa ya fi masa, a incin da ta zo da shi ko ɗaya sama. Mai Camry da ke son canjin fuska yana iya ɗaukar wilin Lexus ES ko Avalon, domin ramukansu da tsakiyarsu ɗaya ne.

Wanda kwalliya ce ta kawo shi, motarsa kuma ba ta barin cikin gari, sabon China mai cikakken rubutu a baya zai yi masa, da sharaɗin kada ya wuce inci 17 a ƙaramar mota, ya sa zoben tsakiya da notin da ya dace, ya kuma ajiye na biyar. Ya ƙara da noti mai makulli idan motar a waje take kwana.

Mai Hilux, Prado ko Sienna da ke ɗaukar kaya da mutane, lambar nauyi ce gaba da zane. Ya raba nauyin da gatarin baya ke ɗauka gida biyu, kada ya sayi wilin da lambarsa ta gaza haka. Direban haya da ke dogon zango kuwa, wilin ƙarfe ya fi masa kwanciyar hankali, domin in ya lanƙwasa a daji mai faci zai buga masa shi da guduma ya ƙarasa gari.

Mai Marsandi, BMW ko Lexus sabuwa-sabuwa, wadda birkinta babba ne kuma wani lokaci wilin baya ya fi na gaba faɗi, ya tsaya kan na asali ko mai suna, ko da zai yi oda ya jira. Shi ma mai motar da ba a cika gani ba, oda ce mafitarsa, bayan ya cire wili ɗaya ya kwafi duk lambobin da ke bayansa ya aika wa mai sayarwa a rubuce.

Kowanne ka ɗauka, kada a ɗaure maka noti da bindigar iska har sai ta daina motsi, kada kuma yaron shago ya hau kan sifana da ƙafa. Ƙananan motocin Toyota awon ɗaurinsu 103 Nm ne, na Honda 108, kuma bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100 a sake bin notin ɗaya bayan ɗaya, domin sabon wilin aloy yakan ɗan saki bayan ya zauna.